An kai mini hari, kuma ni aka turo wa takardar biya

Mai Ɗakin Hira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawararku nake nema, don tun shekaranjiya ban samu barcin kirki ba.

Ina da ɗan shafin intanet da nake ɗora wa ɗalibai masu shirin jarrabawa darussa: rubutattun bayanai, da sautin darussan da na ɗauka da bakina, sai ɗakin hira da na saka bara don yaran su riƙa tambayar juna. Masaukin da nake haya wa shafin irin na haɗaka ne, wato saba ɗaya (kwamfutar kamfani mai riƙe shafuka) muke rabawa da mutane da yawa, gigabait 500 a wata, kuma ban taɓa cin ko rabi ba.

Ranar Laraba da daddare na kori wani daga ɗakin hirar. Ya dami ɗalibai mata da maganganun banza, na ja masa kunne sau biyu bai ji ba. Kafin in rufe asusunsa ya rubuta "za ka gani". Na kwanta abina. Da safe shafin yana buɗewa amma da ƙyar, na ɗauka layina ne. Sai da rana na shiga cPanel, inda nake sarrafa asusun masaukin, na duba zanen data. Layin da ya yi makonni yana kwance a ƙasa kamar zare, sai ga shi ya miƙe tsaye. Cikin awa 14 an janye terabait 1.9. Na sauke log, wato rajistar duk buƙatun da suka shigo shafin, na buɗe, layi ɗaya ne ake ta maimaitawa har idona ya gaji: fayil ɗaya na sauti, darasi na bakwai, mai nauyin megabait 40, daga adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) iri-iri da ban san su ba.

Jiya saƙo biyu suka shigo daga kamfanin. Na farko takardar kuɗin datar da ta haura kasona, kuɗin ya fi abin da nake biya a shekara biyu. Na biyu kuma wai an dakatar da shafina domin manhajar hira ta saɓa wa ƙa'idarsu.

Tambayata biyu ce. Dole ne in biya kuɗin datar da ba ni na ci ba, ba kuma ɗalibaina ba? Sannan mene ne laifin ɗakin hira da har ake haramta shi?

Sabon Shiga:
Wa alaikumus salam. Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri Malam. Ni ban ma san ana iya cajin mutum a kan hari ba.

Ba Sani Ba Sabo:
Kada ka biya ko sisi. Wannan ai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An doke ka, su kuma sun zo karɓar lada. Kwashe kayanka ka koma wani kamfanin.

Dillalin Masauki:
Allah ya kiyaye gaba, ɗan'uwa. Na tausaya maka ƙwarai, amma zan faɗi abin da ba za ka so ji ba, tunda ni sana'ata ce. Na'urar da ke ƙirga data ba ta san niyya ba. Ba ta bambance ɗalibin da ya sauke darasi don ya karanta da mugun da ya sauke don ya cuce ka. Datar ta fita ta ƙofarka, kuma ta bi ta layin da wani yake biya. In ka duba yarjejeniyar da ka danna "na amince" ranar da ka yi rajista, ina da tabbacin za ka ga an rubuta cewa kai ke da alhakin duk abin da ya shiga ko ya fita ta asusunka. Kusan kowane kamfani yana sa wannan.

Batun hira kuma, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Da bakinka ka ce daga ɗakin hirar rigimar ta taso.

Mai Ɗakin Hira:
Alhaji na ji, kuma na duba, sharaɗin yana nan kamar yadda ka faɗa. Amma ba ɗakin hirar ne ya ci datar ba, fayil ɗin sauti ne. Da babu hirar ma, duk wanda ya ga dama zai iya yin abin da wannan ya yi.

Yaya Injiniya:
Sannu ƙanena. Bari in fara da lissafi, don akwai abin da ya kamata kowa a nan ya gani. Terabait 1.9 megabait 1,900,000 ke nan. Raba shi da 40, ka samu saukewa 47,500. Awa 14 kuma daƙiƙa 50,400 ce. Wato ko saukewa ɗaya a kowace daƙiƙa ba a kai ba.

Ka ga ba wani gagarumin hari aka kai maka ba. Mutumin ya zagaya shafinka ne ya nemi fayil mafi nauyi wanda kowa zai iya saukewa ba tare da shiga asusu ba, ya sa na'urori suna ta neman sa. Buƙatar da yake turowa 'yar mitsitsiya ce, ba ta kai kilobait ɗaya ba, kai kuma sabarka tana mayar masa da megabait 40 kowane karo. Shi ya sa shafin bai mutu ba, ya yi nauyi ne kawai, shi ya sa kuma babu ƙararrawar da ta kaɗa a wajen kamfanin. A idon saba, kowace buƙata halattacciya ce.

Wannan ya fi ba ni tsoro a kan harin da ke kashe shafi nan take. Wanda ya kashe shafi za ka sani cikin minti biyar. Wannan kuwa sai takarda ta zo.

Sabon Shiga:
Yaya, to ashe hari iri-iri ne? Ni na ɗauka DDoS, wato harin da ake tara na'urori da yawa su ambaliyi shafi, abu ɗaya ne.

Yaya Injiniya:
A taƙaice gida biyu ne. Akwai wanda ake cika maka layi da shara daga waje har baƙon kirki ya rasa hanyar shigowa. Misalinsa abin da ya faru da GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, a watan Fabrairun 2018, inda ambaliyar ta kai terabit 1.35 a daƙiƙa. Maharan sun yi amfani da sabobin memcached (manhajar ajiye bayanai na wucin gadi) da masu su suka bari a buɗe: su aika ƙaramar tambaya da adireshin GitHub na jabu, amsar da ta ninka tambayar sau dubbai ta tafi can. Irin wannan babu abin da za ka saita a cikin sabarka ya tare shi, domin kafin ya iso gare ka ya riga ya toshe hanya. Sai masu babban layi su tace shi tun daga nesa.

Na biyu shi ne wanda ke shigowa kamar baƙo, ya nemi shafi ko fayil ta hanyar da burauza ke nema. Shi ya samu ɗan'uwanmu. Shi kam ana iya rage masa ƙarfi daga cikin gida.

Tsohon Hannu:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Ɗana, sannu da wannan jarrabawa. Na yi shekaru ina kula da sabobi kafin in ajiye, kuma na zauna a kujerar da ake rubuta irin takardar da aka turo maka, don haka bari in ce wani abu kan maganar Alhaji cewa datar ta bi ta layin da wani yake biya.

Gaskiya ne ana biya, amma ba yadda ake sayar muku ake saye ba. Kamfanin da ke da sabobinsa a cibiyar data galibi ba ya sayen layi da gigabait-gigabait. Abin da aka saba shi ne a riƙa auna gudun layinsa duk bayan minti biyar har wata ya cika, a jera awon daga babba zuwa ƙarami, a zubar da kashi 5 cikin ɗari na sama, sannan a caje shi a kan mafi girman abin da ya rage. Wata mai kwana 30 awa 720 ne. Kashi 5 cikin ɗari nasa awa 36. Ma'ana duk wani tashin gwauron zabi da bai wuce awa 36 a wata ba yana iya faɗawa cikin abin da aka zubar, kamfanin bai biya komai a kansa ba.

Naka awa 14 ne. Ban ce lallai haka yarjejeniyar kamfaninka take ba, kuma in wasu abokan hayarka sun riga sun cinye waɗancan awoyin a watan, lissafin ya canza. Amma ka sani cewa kuɗin da suka rubuta maka farashin sayarwa ne, ba asararsu ba ce. Tsakanin biyun akwai fili mai faɗi, a nan ake ciniki.

Dillalin Masauki:
Baba, da girmanka, wannan na manya ne masu ɗakin saba nasu. Mu ƙanana da muke saro wuri mu rarraba, kaso ake yanka mana. In wani abokin cinikina ya cinye terabait biyu dare ɗaya, ko in biya na sama da ni ko a rufe ni da mutum tamanin da ke ƙarƙashina, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Ya taɓa faruwa da ni. Na kwana ina amsa kiran mutanen da shafukansu suka mutu saboda rigimar da ba su ma san an yi ba. Wa ya tausaya mini?

Tsohon Hannu:
Ban musa maka ba Alhaji, kuma na san zafin wannan daren. Amma ka amsa mini abu ɗaya. A WHM ɗinka, inda kake sarrafa asusun abokan cinikinka, akwai wurin sa wa kowane asusu iyakar data, ko babu? In ya kai iyakar, shafin ya tsaya, baƙo ya ga saƙon 509 cewa an wuce kaso. Da an sa wa yaron nan wannan, da a gigabait 500 abin ya tsaya, asararsa ta zama shafi a rufe na 'yan kwanaki. Kamfanin da ya zaɓi ya bar mita tana gudu, bai aika gargaɗi a kashi 80 ba, bai aika a kashi 100 ba, sai da ta ninka kusan sau huɗu sannan ya rubuto takarda, shi ma yana da nasa kason na laifi. Kayan aikin tsayarwar suna hannunsa, ba sa hannun ɗan haya.

Dillalin Masauki:
Ni ina sawa. Amma wallahi in ka rufe wa mutum shafi a tsakiyar wata, zagin da za ka sha ya fi na wanda ka caja. Kowa so yake a bar shi a buɗe, sai ranar da takarda ta zo.

Mai Ɗakin Hira:
Ni dai da an tambaye ni, da na ce a rufe. Ba a taɓa ba ni zaɓin ba. Kuma na bincika akwatin saƙona har cikin tarkace, babu gargaɗi ko ɗaya.

Yaya Injiniya:
Ka riƙe wannan da kyau, shi ne makaminka mafi ƙarfi. Kuma ba kai ne farau ba. A watan Fabrairun 2024 wani mai ƙaramin shafi da ke kan tsarin kyauta na kamfanin masauki Netlify ya samu takardar dala 104,500. Abin da aka yi masa kusan irin naka ne: fayil ɗin sauti guda aka yi ta janya, har aka kai wajen terabait 190. Da farko ragi aka yi masa, sai da labarin ya bazu a intanet shugaban kamfanin ya fito ya ce ba za a karɓi komai ba. 'Yan watanni bayan haka wani ya buɗe rumbun ajiya na S3 a Amazon, babu komai a ciki, ya tashi da bashin sama da dala 1,300 saboda buƙatun da wasu na waje suka yi ta turowa ana ƙin karɓa, amma ana caji. A watan Mayun 2024 Amazon ta sanar da daina cajin irin waɗannan buƙatun da ba mai rumbun ne ya turo su ba.

Abin da nake so ka gani shi ne manyan ma sun yarda, da aka matsa musu, cewa ba daidai ba ne a ɗora wa mutum kuɗin abin da ba shi da ikon hanawa.

Sabon Shiga:
To Baba, ɗaya tambayar fa? Me ya sa suke ƙin hira? Na duba ƙa'idojin nawa kamfanin yanzu, su ma sun rubuta ba a yarda da IRC da manhajojin hira ba. Mene ne ma IRC ɗin?

Tsohon Hannu:
Yawwa, wannan tsohon ciwo ne. IRC tsarin hira ne da wani ɗalibi a Finlan, Jarkko Oikarinen, ya ƙirƙira a 1988, tun kafin a san shafukan yanar gizo. Mutane na taruwa a ɗakuna suna rubutu, kowane ɗaki da masu iko a kansa, su ke korar wanda ya yi ba daidai ba. To inda duk aka ce akwai mulki da kora, akwai wanda zai ji haushi. Yara masu ɗan ilimin kwamfuta suka gano cewa in ka ambaliyi layin mai ɗaki har ya faɗi, kana iya ƙwace ɗakin. Daga nan aka shiga yaƙi. Mutane suka riƙa hayar wuri a saba suna ajiye 'yan manhajojin gadi irin su Eggdrop don su tsare musu ɗaki dare da rana, abokan gaba kuma su auna sabar da mai gadin yake zaune. Kamfanin da ya karɓi kuɗin haya kaɗan daga yaro ɗaya sai ya wayi gari layinsa gaba ɗaya a toshe.

A ƙarshen 2002 zuwa farkon 2003 an yi wa DALnet, wadda tana cikin manyan hanyoyin IRC na lokacin, ruwan hare-hare na tsawon watanni, har masu ba ta masauki da dama suka janye sabobinsu. Ƙari a kan haka, masu kutse sun daɗe suna amfani da ɗakunan IRC wajen ba da umarni ga kwamfutocin da suka kama. Sai kamfanoni suka ce a kai kasuwa, suka rubuta haramcin a ƙa'ida, wasu har suka toshe ƙofa ta 6667 da IRC ke bi. Sababbin kamfanoni kuma suna kwafar ƙa'idojin tsofaffi, shi ya sa har yau kake ganin layin, ko a wajen waɗanda ba su taɓa ganin IRC da idonsu ba.

Abin da ya samu ɗana ranar Laraba, kora sannan "za ka gani", shi ne dai labarin da na sha gani shekara ashirin da suka wuce.

Yaya Injiniya:
Baba ya kawo dalili na tarihi, ga na aiki. Ƙanena, manhajar hirar taka ta PHP ce (yaren manhaja da ke aiki a saba), wadda ke sabunta kanta duk bayan 'yan daƙiƙu?

Mai Ɗakin Hira:
Ita ce Yaya. Duk daƙiƙa biyu na saita ta, don saƙo ya riƙa fitowa da wuri.

Yaya Injiniya:
To duba. Ɗalibi 50 a ɗaki, kowanne burauzarsa na tambayar saba "akwai sabon saƙo?" duk daƙiƙa biyu. Buƙata 25 ke nan a daƙiƙa, ko ana magana ko an yi shiru. In ɗakin bai taɓa zama fayau ba, buƙata 2,160,000 a yini. Kowace ɗaya sai PHP ta tashi, ta buɗe rumbun bayanai, ta duba, ta rufe. In kowace amsa kilobait 5 ce, gigabait 10.8 a yini, 324 a wata. Datar ma ba ita ce babbar damuwar kamfani ba, wahalar da injin ke sha ita ce, domin injin nan ɗaya ne ku ɗaruruwa kuke rabawa. Mai shafi na yau da kullum baƙonsa ya buɗe shafi ya zauna yana karatu minti uku, saba tana hutawa. Mai hira ba ya barin ta ta numfasa.

Shi ya sa kamfanonin da ke amfani da CloudLinux, tsarin da ke raba ƙarfin saba tsakanin 'yan haya, suke yanka wa kowane asusu adadin ayyukan da zai iya yi a lokaci guda, da yawa 20 ne, in ka cika baƙo ya ga saƙon 508 cewa an kai iyaka. Hanyar da ta dace da hira ita ce WebSocket, inda ake buɗe layi ɗaya a bar shi, saba ta turo saƙo sai in akwai. Amma wannan na buƙatar manhaja mai gudana ba tsayawa, abin da yawancin masaukan haɗaka ba sa bari. Don haka a wannan gaɓar kam ina tare da Alhaji: ƙa'idar tana da dalili, gidan haɗaka ba wurin hira ba ne.

Dillalin Masauki:
Alhamdulillah, yau an ba ni gaskiya.

Yaya Injiniya:
Rabi aka ba ka Alhaji. Suna da hurumin cewa ya cire hirar. Ba su da hurumin fakewa da ita don su halatta takardar. Shekara guda tana gudana a sabarsu, suna gani a log, suna karɓar kuɗinsa, ba su ce uffan ba.

Ba Sani Ba Sabo:
Duk wannan dogon turanci ne. Kana da IP ɗin yaron da ka kora tun lokacin da yake shiga hira. Akwai wuraren da ake biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba su kashe masa layi kwana uku. Ya ɗanɗana abin da ya yi.

Mai Kula da Rukuni:
Malam, wannan maganar ba ta da wuri a nan, kuma kada wani ya saka adireshin irin waɗannan wuraren, zan goge. Laifi ne a dokokin ƙasashe da dama. A watan Afrilun 2018 'yan sandan Holan da na Birtaniya tare da Europol suka rufe Webstresser, ɗaya daga cikin irin waɗannan wuraren, wadda ke da masu rajista sama da 136,000, kuma ba a tsaya kan masu ita ba, an bi sawun waɗanda suka saya. Ban da haka, adireshin da kake gani sau da yawa na kamfanin waya ne, mutane da yawa ke fita ta cikinsa. Za ka doki waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Mai Ɗakin Hira:
Ba zan yi ba ko da babu doka. Kuma gaskiya ba ni da hujjar cewa shi ne, zato ne kawai saboda lokacin ya zo ɗaya. Abin da nake so shafin ya dawo, jarrabawar yaran saura mako biyar.

Sabon Shiga:
Ba sai ya sa Cloudflare ba kawai, kamfanin nan da ke tsayawa tsakanin shafi da baƙi yana tace hari? Na ji an ce kyauta ne kuma yana tare komai.

Tsohon Hannu:
Zai taimaka sosai, amma a bi a hankali da kalmar "komai". Gaskiya ne tun watan Satumban 2017 suka ce ba sa cajin kowa a kan girman harin da suka tare, har masu tsarin kyauta. Sai dai kariyar tana aiki ne in maharin bai san ainihin adireshin sabarka ba. Wanda ya riga ya kai maka hari ya san shi. Ko bai sani ba, akwai wuraren da ke ajiye tarihin DNS, wato rajistar da ke haɗa sunan shafi da adireshinsa, kuma saƙon imel da shafinka ke aika wa masu rajista yana ɗauke da adireshin a kansa. In ba a canza adireshi ba, ba a kuma hana saba amsa kowa sai ta hanyarsu ba, ka sa ƙofar ƙarfe ne ka bar taga a buɗe. A masaukin haɗaka kuwa ba kai ke da ikon yin wannan yadda ya kamata ba. Sannan ka karanta ƙa'idarsu kan manyan fayilolin sauti da bidiyo kafin ka dogara da tsarin kyauta wajen rarraba darussa, kada a maimaita 'yar gidan jiya.

Kariyar kyauta kuma tana da iyaka ko a wajen manya. A watan Satumban 2016 rundunar Mirai, wato kyamarorin tsaro da na'urorin gida da aka kama saboda masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita ba, ta auka wa shafin ɗan jarida Brian Krebs da kusan gigabit 620 a daƙiƙa. Akamai da ke kare shi kyauta ta ce ba za ta iya ci gaba da ɗaukar nauyin ba, shafin ya sauka, sai da Google ta karɓe shi a shirinta na Project Shield.

Yaya Injiniya:
Naka bai kai can ba ƙanena, maganinsa ya fi sauƙi. Fayilolin sautin nan kada su sake zama a fili. Sai wanda ya shiga asusunsa zai samu mahaɗin saukewa, mahaɗin kuma ya mutu bayan 'yan mintuna, kowane asusu da iyakar saukewarsa a yini. Ka kuma matse su: muryar mutum ɗaya tana karantarwa ba ta buƙatar ingancin waƙa, darasin megabait 40 zai iya komawa 10 ba wanda zai ji bambanci. Ɗalibanka ma za su gode maka saboda datarsu.

Ba Sani Ba Sabo:
To ya mayar da hirar Telegram ko WhatsApp mana, a huta.

Mai Ɗakin Hira:
Na yi tunanin haka. Abin da ya hana ni tun farko, a rukunin WhatsApp lambar kowa a fili take, kuma fiye da rabin ɗalibaina 'yan mata ne. Iyaye da dama sun yarda ne saboda a shafina babu mai ganin lambar wani. In mutumin da na kora ya samu lambobinsu, abin da zai biyo baya ya fi takardar kuɗi muni.

Dillalin Masauki:
Wannan hujja ce, na karɓa. To sai VPS, wato ka yi hayar ɓangaren saba naka kai kaɗai. Amma ina gargaɗinka, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. A VPS babu mai sabunta maka tsaro, babu mai duba maka katangar tsaro da ke tace masu shigowa saba, kai ne mai gida kai ne mai gadi. Kuma in aka yi maka ambaliya irin ta farkon da Injiniya ta faɗa, kamfanoni da yawa abin da suke yi shi ne su jefa adireshinka a rami, duk abin da aka aiko masa a zubar tun daga nesa, har sai hari ya lafa. Sun ceci layinsu, kai kuma shafinka a mace. Kafin ka biya ka tambaye su a rubuce: in an kai mini hari tacewa kuke yi ko rufewa? Kuna ƙirga datar da ta shigo ko wadda ta fita kaɗai? In na cinye kasona, caji za ku yi, ko rage gudu, ko tsayarwa? Akwai irin su OVH da ke haɗa tace hari cikin kuɗin haya, akwai kuma waɗanda sai ka saya daban.

Mai Ɗakin Hira:
Na dawo da labari. Na rubuta musu jiya da daddare kamar yadda Baba da Yaya suka nuna. Ban yi faɗa ba. Na haɗa da log ɗin, na nuna fayil ɗaya ne sau 47,000 da ɗoriya, na ce ban samu gargaɗi ko ɗaya ba, na tambaye su dalilin da ya sa ba a tsayar da asusun a gigabait 500 ba. Na kuma amsa cewa ban karanta sharaɗin hira ba, kuma zan cire ta.

Yanzu suka amsa. Sun yafe kashi uku cikin huɗu na kuɗin, sun ce ragowar in biya a wata uku. Za su buɗe shafin da zarar na goge manhajar hirar. Maganar gargaɗi kuwa ba su taɓa ta ba sam.

Dillalin Masauki:
Ka karɓa ɗan'uwa. Wallahi sun yi ƙoƙari, ba kowa zai yi haka ba.

Yaya Injiniya:
Ni ban gamsu ba. Saurin da suka yi wajen zubar da kashi uku ya nuna maganar Baba ce, ba asara suka yi ba. Ka sake rubutawa sau ɗaya, cikin ladabi, ka maimaita tambayar gargaɗin da suka tsallake.

Tsohon Hannu:
Ɗana, ka raba abu biyun. Goge hirar yau, a buɗe shafi, yara su koma karatu, ka kuma sauke kwafin komai naka ka ajiye a wajenka tun kafin wata magana ta sake tasowa. Batun ragowar kuɗin a ci gaba da shi a takardar koke daban. Kuma ko nawa aka tsaya a kai, kada ka biya sai sun rubuta maka cewa sun sa wa asusunka iyaka mai tsayarwa, domin wanda ya yi na farko yana nan, kuma darasi na takwas ma megabait 40 ne.

Mai Ɗakin Hira:
Na gode Baba, na gode Yaya, Alhaji na gode, Allah ya saka da alheri. Na goge hirar, na cire fayilolin sautin gaba ɗaya zuwa lokacin da zan gama matse su. Na sa sanarwa a shafin farko cewa ɗakin tambayoyi zai dawo. Yaya, in na ɗauki ƙaramin VPS don hirar kaɗai, na bar darussan inda suke, gigabait ɗaya na RAM zai ɗauki ɗalibi 50 a WebSocket?

Yaya Injiniya:
Zai ɗauka har da rara. Ka sa shi a ƙaramin yanki daban da adireshinsa daban, don in an auna hirar kada darussan su tafi tare da ita. In ka saya ka turo mini bayanin injin a nan, mu bi saitin katangar tare kafin ka buɗe wa kowa.